Baba ya ce lissafin ranar mutuwa ne: in karɓi gurbin Lissafi ko in jira baɗi?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Gombe, shekarata 18. Tun ina aji biyar na sakandare wani malaminmu ya ba mu labarin ilimin akcuwari, wato lissafin inshora da fansho, na ƙwallafa rai a kansa. Na nemi gurbi a Zariya ban samu ba, da na canza zaɓi sai Jami'ar Jihar Gombe ta ba ni Lissafi zalla. Baba bai hana ni Lissafi ba, amma da ya ji bayanin akcuwari ya ce ba da yawunsa ba, domin inshora haramun ce, kuma masu wannan aiki lissafin ranar mutuwar mutane suke yi, abin da Allah kaɗai ya sani. Kawuna kuma ya ce duk wanda ya karanta Lissafi ƙarshensa alli da allo, gara in jira baɗi in sake JAMB in nemi aikin jinya. Baba hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi, mu takwas ne a gida, kuɗin ba su da yawa. In karɓa ne, ko in jira in sake neman abin da nake so? Kuma da gaske haramun ne?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Ki karɓi gurbin Lissafin nan. Na fara da wannan ne don kada ki yi ta karanta amsata zuciyarki na ɗar-ɗar. Kina ganin an rufe miki ƙofa an kora ki wata hanya dabam, alhali hanyar da aka ba ki tana kaiwa inda kike so, kuma da yawa daga cikin masu wannan sana'a a duniya ta nan suka biyo.

Abin da ƙila malaminku bai samu lokacin faɗa muku ba shi ne, jami'a ba ta yaye cikakken akcuwari. Ko Zariya kika je, ko Jos, ko Legas, kika fito da digiri mai ɗauke da sunan fannin ɓaro-ɓaro, ranar da kika karɓi takardar nan har yanzu ɗaliba ce ke a idon 'yan sana'ar. Ƙungiyoyin ƙwararru ne ke ba mutum wannan matsayi, ta hanyar jarrabawoyinsu, takarda bayan takarda. Biyu aka fi bi daga Najeriya: IFoA ta Birtaniya, wadda aka samar a 2010 bayan haɗewar tsofaffin cibiyoyi biyu, ɗaya mai asali tun 1848 ɗaya tun 1856, sai kuma SOA ta Amurka. A gida muna da Ƙungiyar Akcuwari ta Najeriya, ki san da zamanta tun yanzu. SOA ba ta tambayar sunan digirinki kafin ki zauna takardun farko. Guda biyu ne ake farawa da su: wadda ake kira P, ta lissafin yiwuwa, da wadda ake kira FM, ta lissafin kuɗi. Kowace takarda tambayoyi 30 ne a cikinta, a kwamfuta ake rubutawa. Takardar P kuwa kalkulas ne, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, da yiwuwa daga farko har ƙarshe, abin da ɗalibar Lissafi ke kwana tana tashi da shi a aji ɗaya da aji biyu.

Ba wai digirin akcuwari ba shi da amfani ba ne. Yana haɗa ki da abokan karatu masu buri irin naki, yana koya miki tattalin arziki da akanta da yadda inshora ke tafiya tun da wuri, kuma malamansa sun fi sanin inda ake ɗaukar masu koyon aiki. Waɗannan za ki nemo su da kanki, da ɗan ƙarin wahala. Amma abin da ya fi wuyar nemowa daga baya shi ne ƙarfin lissafi, shi kuwa a hannunki aka danƙa shi. Mai Lissafi tana iya koyon inshora a shekara guda, ko ta je Jami'ar Legas ta yi digiri na biyu a fannin. Wanda lissafinsa ya yi rauni, jarrabawoyin nan ne za su tsayar da shi ko me aka rubuta a takardarsa.

Jiran baɗi ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. JAMB ba ta yi wa kowa alkawari ba, makin bana ba lallai ki zarce shi baɗi ba. Ga kalandar jami'o'inmu da ba ta da tabbas: a 2022 yajin aikin ASUU ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ke cikin irin wannan tsari ba ya ƙara wa kansa shekara da gangan. Sannan ki dubi aljihun mahaifinki. Jami'arku tana Tudun Wada, cikin gari, Keke Napep za ki hau ki je ki dawo ki ci tuwon gida. Zariya kuwa kuɗin ɗaki ne da abinci da mota har shekara huɗu, a gidan da ke da 'ya'ya takwas. Abin da za a kashe a can gara ya tafi wajen kwamfutar tafi-da-gidanka da kuɗin jarrabawar farko. Aikin jinya aiki ne mai daraja da lada, amma a wasiƙarki ban ga alamar ranki yana can ba.

Yanzu maganar mahaifinki, wadda ita ce mai nauyi, kuma ba na so ki ɗauke ta a matsayin maganar tsoho da bai waye ba. Abu biyu ya faɗa. A ɗaya yana da hujja mai ƙarfi, a ɗayan an yi masa bayanin aikin a karkace.

Mu fara da wanda aka karkata. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ga aikin da idonki, a kasuwar da shi kansa yake zama. Lambobin da zan kawo na misali ne kawai. A ce masu shagunan hatsi 1,000 sun yarda su kafa asusu, duk wanda gobara ta ci shagonsa a ba shi naira miliyan 2 ya sake tashi. Nawa kowa zai zuba a shekara? Sai a duba tarihin shekarun baya, a ce an tarar a matsakaici shago 5 ke ƙonewa duk shekara. Biyar sau miliyan 2, miliyan 10 ke nan. A raba wa mutum 1,000, kowa naira 10,000. Wannan ɗan aji uku ma zai yi shi. Amma matsakaici ba alkawari ba ne. Wata shekara shago 2 ne za su ƙone, wata shekara 9. In 9 suka ƙone ana bukatar miliyan 18, asusu kuma miliyan 10 ne a ciki, mutum huɗu za su tsaya a bakin toka ba a ba su komai ba. To sau nawa irin wannan muguwar shekara za ta zo? Akwai lissafinsa, za ki gamu da shi a darasin yiwuwa. In gobarar kowane shago ba ta da alaƙa da ta maƙwabcinsa, ƙonewar shago 9 ko fiye tana zuwa kusan shekara ɗaya cikin 15. In aka ce kowa ya zuba naira 20,000, asusu zai iya ɗaukar shago 10, gazawarsa kuma ta koma kusan shekara ɗaya cikin 70. Sai 'yan kasuwa su zauna su zaɓa: sauƙin zubi suke so ko kwanciyar hankali, kuma nawa ne kuɗin kowanne.

Sai dai duk wanda ya san kasuwanninmu ya san na yi wani zato da ba ya tsayawa. Gobarar kasuwa ba ta cin shago ɗaya ta koma gida. Waya ɗaya ce za ta yi tartsatsi cikin dare lokacin hunturu, iska ta kwashe ta, kafin asuba shago 200 sun tafi. Miliyan 400 ke nan, asusu ya mutu. A nan ne aikin akcuwari ke farawa da gaske. Shi zai ce kada a tara shagunan layi ɗaya kaɗai, a haɗa da kasuwannin wasu garuruwa da wuta ɗaya ba za ta kai gare su ba. Shi zai ce a ware wani kaso a kai wa babban asusu da ke tsaya wa ƙananan asusu ranar babbar asara. Shi zai ce mai shagon bulo da mai rumfar langa-langa kusa da mai sayar da fetur bai kamata su zuba kuɗi ɗaya ba, in ba haka ba mai bulon zai janye, a bar asusu da masu haɗari zalla. Shi zai tuna cewa miliyan 2 na yau ba za su cika shago da masara ba nan da 'yan shekaru: in farashi na hawa da kashi 20 cikin ɗari duk shekara, cikin shekara huɗu ya ninka, kuma a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30. Shi zai duba inda za a ajiye kuɗin su haihu kafin a bukace su. A duk wannan dogon lissafi, ki lura, babu inda aka ce shagon Alhaji wane ne zai ƙone, ko ranar kaza.

Haka lissafin rai da mutuwa yake. A 1693 wani masanin taurari ɗan Ingila, Edmond Halley, ya ɗauki rijistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yau ke ƙasar Folan, ya tsara jadawali: cikin masu shekara kaza, kashi nawa ne suka kai shekara ta gaba. Daga irin wannan jadawali sana'ar ta tsiro, kuma har yau abin da yake faɗa ke nan. Ƙidayar abin da ya riga ya faru ce ga jama'a masu yawa, da zaton cewa gobe za ta yi kama da jiya, zaton da akcuwari ya fi kowa sanin yana iya saɓawa, shi ya sa yake ware ajiyar ko-ta-kwana. Ayar ƙarshen Suratu Luƙman da mahaifinki ke tunawa, cewa rai bai san abin da zai aikata gobe ba kuma bai san a wace ƙasa zai mutu ba, tana nan daram. Babu jadawalin da ya san ajalin mutum ɗaya. Mai shekara 30 lafiyayye yana faɗuwa, mai 90 yana raka shi maƙabarta.

Me ya sa ake yin ƙidayar? Saboda amana. Dokar fansho ta 2004, bayan an sake ta a 2014, ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Ranar ritaya zai zaɓa: ko a riƙa cire masa kaɗan-kaɗan daga ajiyarsa bisa tsari, ko ya miƙa ta ga kamfani ya riƙa biyansa duk wata har ƙarshen rayuwarsa. Dole wani ya zauna ya auna nawa za a riƙa ba shi. In aka yawaita, kuɗi su ƙare tsoho yana da sauran numfashi. In aka ƙuntata, ya rayu cikin ƙunci alhali haƙƙinsa na jibge. Kafin 2004 gwamnati alkawarin fansho take yi ba tare da ware kuɗin a gefe ba, bashi ya taru, tsofaffi suka sha layi a rana. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan aka yi alkawarin shekara talatin ba a yi lissafinsa ba, kuma ni a wurina hana irin wannan zalunci aiki ne na alheri.

Sai inda mahaifinki yake da hujja. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba, wadda mutum ke biyan kamfani ƙayyadadden kuɗi kamfani ya ɗauke masa haɗari, akwai garari mai yawa a cikinta, wato rashin tabbas da ke ɓata ciniki, don haka ba ta halatta ba. Malamai da dama suna ƙara illar riba da kamannin caca. To ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba, kada ki yi masa musu a nan. Amma wannan zama ɗin dai shi ne ya ce madadin da ya dace da shari'a shi ne inshorar taimakekeniya, wadda aka gina kan kyauta da haɗin kai. Ita ce takaful. Mahalarta suna zuba kuɗi da niyyar taimakon duk wanda musiba ta faɗa wa a cikinsu, kamfani wakili ne da ke karɓar ladan kula da asusu, ana juya kuɗin ta hanyar halal, in rara ta saura akwai rabon mahalarta a ciki. Malamai suna kafa hujja da hadisin Ash'ariyawa da ke Bukhari da Muslim, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah (SAW) ya yabe su. Kamfanin farko irin wannan a Sudan aka buɗe shi a 1979, Malesiya ta yi dokarsa a 1984. A nan gida hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, yau ga kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki. Asusun 'yan hatsin da na zana miki ɗazu, takaful ne a siffarsa, kuma kin ga da idonki cewa kyakkyawar niyya ba ta hana shi rushewa in babu mai lissafi.

Akwai sauran wurare. Hukumar fansho, PenCom, ta buɗe asusu na shida a 2021 ga masu son a juya fanshonsu ba tare da kuɗin ruwa ba. Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017 da naira biliyan 100. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta tsarin ga kowa, jihohi suna da hukumominsu, a Gombe ga GoHealth. Duk inda aka ce mutane su zuba kaɗan a yi wa marar lafiyarsu magani, sai an samu mai auna ko zubin zai ɗauki nauyin haihuwa da tiyata da zazzaɓin damina.

Amma ba zan shafa miki zuma a baki ba. Mafi yawan guraben aikin akcuwari a Najeriya yau suna kamfanonin inshora na gama-gari ne, da manyan kamfanonin binciken asusu da ke yi musu aiki. In kika ce takaful da fansho marar ruwa da inshorar lafiya da hukumomin sa ido kaɗai za ki yi, kin zaɓi hanya mai ɗan ƙunci, za ki iya daɗewa kafin ki samu. Kuma takardar FM ɗin nan, kuɗin ruwa mai hawa kan ruwa ne cikinta tun daga shafin farko, ba yadda za ki kauce wa koyonsa. Masu tsara sukuk da takaful su ma sun koye shi, don da shi ake auna darajar kuɗin gobe a yau. Hukunci kuwa na malamai ne. Ki je wa malamin da mahaifinki ya yarda da iliminsa da tambayoyi a rarrabe, kada ki dunƙule su: mene ne hukuncin koyon ilimin, mene ne hukuncin aiki a kamfanin inshora na gama-gari, mene ne hukuncin aiki a takaful ko a hukumar da ke sa ido. In kika ce masa kawai "Malam, inshora halal ce?" gajeriyar amsa za ki samu, wadda ba ta taɓa damuwarki ba.

Yadda za ki tunkari Baba: kada ki je masa da takardu kina karanto masa shekaru da sunayen majalisu kamar mai gyara masa karatu. Uba ba ya son 'yarsa ta ci shi da hujja, ko da hujjar gaskiya ce. Ya riga ya amince da Lissafi, ki yi masa godiya a kan wannan, ki nemi albarkarsa. Ki faɗa wa mahaifiyarki abin da ke ranki duka, ita ta san lokacin da ake yi masa magana. Bayan kin fara karatu, wata rana da daddare ki roƙe shi ya koya miki yadda yake yanke shawarar buhu nawa zai saya da kaka ya ajiye zuwa bazara. Za ki ji yana lissafa ƙwari, da danshi, da kuɗin sito, da shekarar da farashi ya faɗi warwas aka yi asara, da dalilin da ya sa ba ya zuba jarinsa duka a masara. Bai san farashin bazara ba, bai kuma yi da'awar sani ba, amma yana auna abin da ya gani a shekarun baya ya yi tanadi ya bar wa Allah sauran. Shi da kansa zai gane kamannin, ba sai kin nuna masa ba. In maganar ta kai ga malamai, ki tuna masa cewa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, kaso mai yawa na littafin nan a kan wasiyya da rabon gado ya yi shi. Abu ɗaya na hana ki: kada ki rubuta jarrabawar nan a ɓoye. Tafiya ce ta shekaru, ba ta ɓoyuwa, kuma ba ki da bukatar karatun da babu albarkar uba a kansa.

Kawu kuma, Allah ya saka masa da alheri, tsoron talauci yake yi miki. Amma ba na jin daɗin yadda muke ambaton koyarwa kamar wata faɗuwa, a yankin da makarantu da yawa ke neman ƙwararren malamin lissafi ido rufe, balle mace da 'yan mata za su gani su yi koyi. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa, Lissafi ya karanta a Ibadan da Kambirij, ya koyar da shi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Yau kuma bankuna, da kamfanonin waya, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ƙungiyoyin da ke aikin lafiya a Arewa maso Gabas, duk suna neman mai iya zama da tarin alƙaluma ya fito da magana. Inda Kawu ya yi gaskiya shi ne akwai masu digirin Lissafi da ke zaune a gida. Da yawansu haddar handawut suka yi suka juye a jarrabawa, suka fito ba su taɓa buɗe Excel ba. Digiri irin wannan ba ya ciyar da kowa.

Ki kuma shirya wa wani sauyi. A sakandare tambaya ake ba ki ki nemo amsa. A jami'a, daga aji biyu, amsar ake ba ki a ce kawo hujja. Za a ce miki lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, ba su da ƙarshe, tabbatar. An warware wannan fiye da shekara 2,000 da suka wuce cikin 'yan layuka. Ki gwada shi a wannan hutun kafin ki nemi amsar a waya. Ba warwarewar nake so in gani ba. Ki lura da kanki lokacin da kika maƙale: haushi kike ji ki ture takardar, ko kuwa abin yana bin ki har wajen wanke-wanke? Ɗalibai masu A a WAEC da yawa suna girgiza a wannan gaɓa su zaci basirarsu ce ta ƙare. Ba ta ƙare ba, sabon salo ne, yana zama da yawan zama da takarda da biro da abokan karatu biyu ko uku na kirki.

Cikin shekara huɗun nan, kalkulas da yiwuwa da ƙididdiga su ne jarinki, kada ki yarda da makin tsira a cikinsu. Duk inda aka ba ku zaɓin darasi, ki karkata ga ƙididdiga da tattalin arziki. Ki iya Excel sosai, sannan manhajar nazarin alƙaluma irin R ko Python, kyauta ake sauke su biyun nan. Ki nemi koyon aiki, ta SIWES ko lokacin hutu, a hukumar inshorar lafiya ko ofishin kamfanin fansho ko na takaful, ko da shigar da alƙaluma kawai za a ba ki. Aikin bincikenki na ajin ƙarshe ki yi shi kan abin gida, misali ruwan sama da asarar manoman shinkafa na Dadin Kowa, maimakon kwafo abin da aka yi sau ɗari. Takardar P ki tunkare ta bayan kin gama darasin yiwuwa, ƙarshen aji biyu ko cikin aji uku. 'Yan fannin sukan ce a ware mata awa 300 na karatu, kuma kusan rabin masu zamanta ba sa hayewa, saboda haka faɗuwa sau ɗaya ba abin kunya ba ne, sai dai tana da tsada. Da dala ake biya, kuɗin takarda ɗaya na asali ya haura dala 200, ga kuɗin tafiya babban birnin da cibiyar jarrabawa take. IFoA da fam take karɓa, tana da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Kada ki zauna sai kin ga kina cinye tsofaffin tambayoyi cikin lokaci. Don kuɗin makaranta, ki duba bashin ɗalibai na NELFUND, babu ruwa a kansa, biyan kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa.

Ba a bukatar ki gama jarrabawoyin kafin ki fara aiki. Da takarda biyu ko uku ake ɗaukar mutum, ya ci gaba da rubutawa yana aiki, sau da yawa wurin aikin ne ke biya. Kaiwa ƙarshe kan ɗauki shekara bakwai ko fiye. Bukata kuwa tana nan: ƙwararrun ba su da yawa a ƙasar, tun Janairun 2023 sabon ma'aunin asusun kamfanonin inshora mai suna IFRS 17 ya ƙara musu aiki, ga sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a 2025.

Saura abu ɗaya da ba ki tambaya ba. Aikin nan a Legas ya fi yawa, sai Abuja inda hukumomi suke, kuma shekarun farko sai an zauna ƙarƙashin wanda ya iya. Ke mace ce daga gidan da uba ke da ta cewa, mai yiwuwa maganar aure ta taso kafin ki gama. Ba yau za a warware wannan ba, kuma kada ki ɗora wa Baba maganar Legas a kan maganar inshora lokaci ɗaya. Amma duk wanda ya zo da maganar aure, ki faɗa masa tun farko cewa akwai karatun dare na shekaru a gabanki, da yiwuwar zama a wani gari, ki ji ta bakinsa kafin a kai ga sa rana.

In bayan an tambayi malamai Baba ya ce har yanzu ransa bai kwanta ba, ki bar jarrabawar akcuwari a gefe, ki riƙe ƙididdiga da kwamfuta, ba abin da kika yi asara daga shirin nan ko ɗaya. Yanzu dai ki sanar da shi, ki shiga shafin CAPS na JAMB ki amince da gurbin kafin wa'adi ya wuce, ki buga takardar shaidar ki adana. Allah ya yi miki albarka, ki gaida Baba da Mama.